Kunnen Kafinta, Kukan Zarto da Samma'ar Yaran Zamani

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Jidda muke gaishe ku, amma yau mun bar ɗakin da muka saba, muna zaune cikin garin katako a warshar Kawu Bala, wato wurin da yake aikin kafinta. Anti Hauwa ma tana nan, daga asibiti ta wuto, ko gida ba ta leƙa ba.

Hauwa: Sau uku na yi sallama a bakin ƙofa kafin mai wurin ya amsa.

Kawu Bala: Ai inji na aiki.

Hauwa: Yaya, a kashe na tarar da injin.

Nasiru: To, kun ji abin da ya kawo mu. Kawu ya kafa doka: duk yaron da ya shigo da samma'a a kunne, wato iyafis ɗin nan na Bluetooth, ya ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmin fita. Yaran suka kai ƙara wurina. Kawu, me ya yi zafi?

Kawu Bala: Ɗana, kunne kayan aiki ne, kamar guduma. Ina daga can ƙarshen warsha nake gane zarto ya dakushe, don kukansa yakan canja. In katako ya fara matse haƙorin zarto, kafin ya yi tsalle ya doki cikin mutum, sai ya yi wani gurnani tukuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Yaron da ya cika kunnensa da kiɗa, me zai ji? Ranar nan na ƙwala wa ɗaya kira har muryata ta dushe, yana can yana gyaɗa kai. La'asar ma ta wuce shi bai ji kira ba.

Hauwa: Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma kai da ba ka sa komai, yaya kunnen naka?

Kawu Bala: Lafiya lau. Sai dai da dare, in gari ya yi tsit, nakan ji kamar gyare na kuka a na hagu.

Hauwa: Tun yaushe?

Kawu Bala: An kwana biyu. Ya kai shekara goma.

Hauwa: To wannan gyaren ba ya tashi. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu a nannaɗe kamar dodon koɗi, cike da 'yan ƙananan gashi. Su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su, in abin ya yi yawa su mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Abin haushin, ba ciwo, ba jini. Siraran sautuka ke fara ɓacewa, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman cikin taro ko in mata da yara ne ke yi.

Kawu Bala: Na yara kam da ma ba na so in ji.

Nasiru: Anti, ba mu lissafin. Mutane sun fi yarda in sun ji lamba.

Hauwa: Ana auna ƙara da desibel. Hirar da muke yi yanzu wajen 60 ce. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka a 85 na tsawon awa 8. Daga nan duk ƙarin 3, lokacin ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya. In an kai 100, minti 15 ne rabonka na yini. Zarton tebur irin wancan yana kaiwa wajen 100, injin fere katako kuwa yakan wuce.

Kawu Bala: Minti 15? Ai ko ƙofa ɗaya ban gama yanka ba.

Hauwa: Kuma ba sai da na'ura za ka gane ba. In mutum na tsaye kamu ɗaya daga gare ka amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji, an riga an shiga wurin haɗari.

Kawu Bala: Ikon Allah. Waɗanda suka sassaƙa rawashin ɗin Balad, tsohuwar unguwar Jidda, wato tagogin katakon nan da har UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi a 2014, da gizago da zarton hannu suka yi. Ba su san wannan ihun ba. Mu ne muka sayi sauri da kunnenmu.

Nasiru: Bari in tsaya wa yaran. Sun ce samma'arsu mai kashe hayaniya ce, suna sawa sai duniya ta yi shiru. Ba kariya ba ke nan?

Hauwa: A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Waccan fasahar tana sauraron ƙarar waje ne, ta fitar da kishiyarta don su soke juna. Tana ƙwarewa a kan gunji mai kauri wanda ba ya canjawa, irin na jirgin sama ko mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Amma tsuwar zarto, ko fashewar bindigar ƙusa, ba a nan ƙarfinta yake ba. Wadda ba ta da wannan fasahar ma ta fi muni, don yaro zai ƙure waƙa har ta danne injin. Ga inji daga waje, ga kiɗa daga ciki, kunne ɗaya.

Nasiru: Kura da shan bugu.

Hauwa: Abin da za ka duba shi ne lamba a jikin kwalin, wadda ke nuna yawan ƙarar da abin ke tarewa. Kayan Amurka sukan rubuta NRR, na Turai SNR. In babu ɗaya daga ciki, abin jin waƙa ne kawai. Kuma akwai marufan kunne da aka yi don aiki da Bluetooth a ciki, irin su WorkTunes na 3M da ISOtunes. Suna tare ƙarar inji, wasunsu kuma sun ƙayyade ƙarfin sautin ciki, ko ka so ba za ka wuce ba. Akwai masu makirufo a waje, su shigo maka da maganar mutane, su datse ƙara in ta yi tsanani. Da irin wannan, Yaya, kiranka da kiran salla duk za su iso.

Kawu Bala: Wato dai so kike in janye dokata.

Hauwa: Rabi. Ka san me ya sa nake goyon bayan sauraron? Marfin da ya fi kowanne kyau, in ka cire shi awa ɗaya cikin takwas, kariyar da ka samu a yinin ba za ta wuce desibel 9 ba. Yaro kuwa in babu abin ji, zufar Jidda na tsiyaya, minti nawa zai bar shi a kai? Amma in karatu ko labaran gida na shigo masa, mantawa yake da shi.

Nasiru: Kuma mara waya ya fi mai waya. Igiya na reto kusa da abin da ke juyawa, ba sai an faɗa ba.

Kawu Bala: To ku ji nawa sharaɗin. Wurin goge katako, wurin shara, wurin haɗa kaya, su ji abin da suke so. Amma wanda ya tsaya gaban zarto, marfi a kunne, waƙa a kashe. Yatsa ba ya tsirowa shi ma.

Hauwa: Na sa hannu. Sai dai a kula, ƙafar tabarau ko gefen hula in suka shiga ƙarƙashin marfin, sun buɗe wa ƙara ƙofa. Robar bakinsa kuma in zufa ta busar da ita ta tsage, a canja. Wanda zafi ya dame shi ya sa soson toshe kunne, 'yan riyal kaɗan ne. Na zo maka da guda biyu. Murza shi ya zama siriri. Zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai, ja kunnen sama, tura, riƙe kamar daƙiƙa 30 ya kumbura.

Kawu Bala: Haka?

Hauwa: Rabinsa na waje. Sake.

Nasiru: Kawu, yaya ka ji? Kawu?

Kawu Bala: Gyaren nan ya ƙara murya.

Hauwa: Don waje ya yi shiru ne. Jibi ka zo a auna maka ji, zan jira ka bayan Azahar.

Kawu Bala: Ta ce me?