MST3K: fim mafi muni ba shi ne ya fi ban dariya ba

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya ci karo da gutsuren MST3K, shirin talabijin da ake tsokanar finafinai a cikinsa, tambayarsa ɗaya ce: wane fim ne ya fi lalacewa a ciki, in fara da shi? To a nan kuskuren yake.

Inuwoyi ukun da ake gani a ƙasan allo yayin da fim ke tafiya, mutum ɗaya ne da mutum-mutumi biyu, Tom Servo da Crow. Sunan shirin Mystery Science Theater 3000, a taƙaice MST3K. Joel Hodgson ne ya ƙirƙiro shi, ya fara fitowa ranar 24 ga Nuwamba 1988 a wata 'yar ƙaramar tashar talabijin, KTMA, a birnin Minneapolis na Amurka. Wai wasu mugayen masana kimiyya ne suka tsare bawan Allah a cikin kumbo, suna ɗura masa munanan finafinai don su ga ranar da zai zauce, shi kuwa yana kare hankalinsa da tsokana. Joel ne ya fara fitowa a matsayin wannan bawan Allah, Mike Nelson ya karɓi kujerar a 1993, shirin ya tsaya a 1999, masoya suka yi karo-karon sama da dala miliyan 5 a 2015, ya dawo a Netflix a 2017.

Yanzu ku saurara da kyau. Tsokanar da ake ji a shirin, ba nan take ake faɗin ta ba. In ban da farkon shirin a KTMA, rubuta ta ake yi. Marubuta su zauna, su kalli fim, su tsayar, su koma baya, su sake kallo, kowace magana a ajiye ta daidai daƙiƙar da za ta faɗo. Don haka abu biyu suke nema a fim. Na farko gurbi: ɗan shirun da ke tsakanin maganar jarumai, domin in suka yi magana a kan magana, mai kallo ya rasa labarin, dariya ta mutu. Na biyu abin kamawa: dole wani abu ya riƙa faruwa a allo, kuma waɗanda suka yi fim ɗin su kasance da gaske suke yi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san haka. Mai baki yakan tayar da ɗaki ne lokacin da jarumi ya yi wata bajintar da ba ta shiga hankali, amma in fim ya yi sanyi, shi ma gyangyaɗi yake.

Ga misali. Space Mutiny, fim ɗin 1988 da aka ɗauka a Afirka ta Kudu. Jiragen da ke yaƙi a cikinsa, aro su aka yi daga shirin Battlestar Galactica. In kun dubi bayan jarumai, tagogi ne da hasken rana, a cikin kumbon da aka ce yana tsakiyar sararin samaniya. Akwai kuma wata mata a fim ɗin, ku riƙe fuskarta. Ga shi an kashe ta. Ga fitowa ta gaba, ga ta zaune a kujerarta tana aiki lafiya lau! Jarumin kuwa, ƙato mai ihu, duk motsin da ya yi sai sun raɗa masa sabon suna. Kowane minti fim ɗin yana miƙo musu abin kamawa. A wurina, shirin da suka yi a kansa a 1997 shi ne kan gaba.

Sai kishiyarsa, Monster a Go-Go na 1965. Bill Rebane ya fara shi, kuɗi suka ƙare, Herschell Gordon Lewis ya saya ya ƙarasa, alhali wasu 'yan wasan sun riga sun watse. Mutane na zaune a ɗaki suna magana, murya ba ta fita sosai. Ka jure har ƙarshe, sai mai ba da labari ya sanar da kai cewa babu wani dodo. Masu shirin da kansu sun ce shi ne mafi muni da suka taɓa yi. In kun kalle shi, za ku ji yadda suke lalube. Ƙwarewa ce ta fitar da su, amma wallahi kallonsa aiki ne.

To ina Manos: The Hands of Fate, wanda sunansa ya fi kowanne fita? Harold Warren, wani ɗan kasuwa a El Paso ta jihar Texas, shi ya yi shi a 1966, da kyamarar da ba ta wuce daƙiƙa 32 a ɗauka ɗaya, ba ta kuma ɗaukar sauti, sai daga baya aka ɗora muryoyi. Tuƙin mota kuwa, haka za a yi ta yi a cikinsa. Da aka nuna shi a MST3K a Janairun 1993, hatta mugayen masanan sai da suka ba da haƙuri. Abin da ya cece shi wani mutum ne a fim ɗin, Torgo, mai kumburarrun gwiwoyi da wata irin tafiya. Da zarar ya fito, abin kamawa ya samu. Kuma ina ganin girman Warren, domin da zuciya ɗaya ya yi abinsa.

Ba duka ne ma munana ba. Marooned na 1969, mai Gregory Peck da Gene Hackman, ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto na musamman (visual effects), amma sun zauna a kansa da sunan Space Travelers.

In yau za ku fara, ku fara da Space Mutiny, ku bi shi da The Final Sacrifice na Kanada. Manos ya zo na uku. Monster a Go-Go kuwa ku bari sai kun saba da muryoyinsu, kuma kada ku kalle shi ku kaɗai.