Barka da Zuwa Ranka Ya Daɗe

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe mai girma babban baƙonmu, a madadin shugabannin wannan cibiya da masu bincike da ɗalibai da duk ma'aikata ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya, mun san ayyuka sun yi maka yawa amma ka tako ƙafa da kanka, Allah ya saka da alheri.

Mutane da yawa kan tambaye mu wai me ya haɗa malamin gona da likita da mai binciken abinci a gini ɗaya. To ranka ya daɗe amsar tana cikin ƙwayar masara da gyaɗa. Akwai wata fumfuna da masana ke kira Aspergillus flavus, tun a gona take kama amfani musamman in fari ya taɓa shuka, sai ta ƙara bazuwa a rumbu idan an adana hatsi da sauran danshi a jikinsa, ita ce ke fitar da gubar aflatoxin. Duniya ba ta ma san da gubar nan ba sai a 1960 da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Brazil. Abin tsoron shi ne dafuwa ba ta kashe ta, ido ba lallai ya gane ta ba, in saniya ta ci gurɓataccen abinci har cikin madararta take fita, sannan tana jawo kansar hanta, in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B kuwa sai dai Allah ya kyauta. A 2004 a Kenya mutum 125 suka rasu saboda masarar da ta gurɓace. Likitan da ke ganin mara lafiya a asibiti ƙarshen labarin kawai yake gani, farkonsa yana can gona.

Kuma wallahi magani akwai shi, shi ne ma abin da ke damunmu. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa wato IITA tare da ma'aikatar noma ta Amurka sun samar da Aflasafe, ana watsa shi a gona sati 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure, irin fumfunar ce dai amma wadda ba ta da guba sai ta mamaye wurin ta hana mai gubar sakat. Ga buhunan PICS na jami'ar Purdue masu ninki uku da iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba, amma fa sai hatsin ya bushe sosai tukuna. Duk wannan in ya tsaya a takarda da ɗakin gwaje-gwaje to bai amfani kowa ba.

Saboda haka roƙonmu gare ka ranka ya daɗe, in an zo rabon kuɗin bincike dan Allah a daina ware noma daban lafiya daban, a ba mu dama mu yi aiki ɗaya tare, a kuma ƙara malaman gona domin su ne ke kai sakamakon hannun manomi. Bayan jawabinka za mu zagaya da kai ɗakin gwaje-gwaje ka ga yadda ake auna gubar a hatsi, masu binciken suna nan za su amsa duk tambayar da kake da ita. Bismillah ranka ya daɗe.