Sharhi: "Ƙyale shi, kowane yaro da lokacinsa"

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhin namu na yau kan yara ƙanana ne, da kuma wata amsa da uwa ke yawan samu in ta ce hankalinta bai kwanta da yadda ɗanta ke tasowa ba, wato a ce mata ke dai kin cika damuwa, kowane yaro da lokacinsa, ai babansa ma sai da ya shekara uku kafin ya buɗe baki.

Toh maganar akwai ƙamshin gaskiya a ciki kam. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan yara sama da 800 masu ƙoshin lafiya a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, aka ga wani yaron tun kafin ya cika wata 4 yake zama shi kaɗai wani kuma sai wajen wata 9, tafiya ma wani ya fara a wata 8 wani sai ya kusa wata 18, har akwai kaɗan da ba su yi rarrafe ba sam, daga zama sai tsayuwa sai tafiya, kuma duk lafiyarsu lau. Saboda haka don ɗan maƙota ya riga naki tafiya da wata biyu wannan ba abin hana barci ba ne.

Amma fa ku lura, lokacin nan yana da iyaka, kuma iyakar ce ake mantawa da ita. Yaron da ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko ya wuce wata 9 bai zama sai an tallafe shi, ko ya kai wata 18 bai taka ba, wannan ya wuce a ce a bari a gani. Haka in jikinsa ya cika sanƙarewa ko ya yi laƙwas in an ɗauke shi, ko kullum hannu ɗaya yake miƙawa ɗayan na dunƙule tun bai shekara ba.

Inda na fi so mu daɗe shi ne magana, don nan aka fi yin sakaci. Tafiya kowa na gani, magana kuwa sai mai lura. Jariri ɗan wata 2 in kika yi masa magana ya kamata ya yi miki murmushi. Wajen wata 9 za ki ji yana gwaranci, mamama bababa, in an kira sunansa ya waigo. In ya shekara yana ɗaga hannu ya yi bye-bye. Wajen wata 18 yana da 'yan kalmomi ko da uku ne banda mama da baba, kuma yana nuna abu da yatsa, ba don a ba shi kawai ba, a'a ya ga mage ko mota sai ya nuna sannan ya juyo ya kalli fuskarki ya ga ko kema kin gani. Wannan juyowar da yake yi likitocin yara na ɗaukarta da muhimmanci sosai, don rashinta na cikin alamomin farko na galahanga, wato autism, lalurar da ke sa yaro wahalar cuɗanya da magana da mutane. In ya shekara 2 kuma ya fara haɗa kalma biyu, ban ruwa, baba zo.

In waɗannan ba su zo ba abin da za a fara dubawa kunne ne. Wallahi abin tausayi ne a ce yaro ya shekara uku ana ce masa miskili ko mai taurin kai alhali ba ya ji ne kawai. Kuma kar ki ce ai na buga ƙofa ya firgita, yaro na iya jin ƙara mai ƙarfi amma sautin magana na wuce shi. Ƙa'idar da ƙwararru a fannin ji suka tsayar ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Dalilin gaggawar shi ne a shekarun farko ƙwaƙwalwa na ƙulla mahaɗa tsakanin ƙwayoyinta sama da miliyan ɗaya a duk daƙiƙa, kamar yadda masana na jami'ar Harvard suka bayyana, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai yaran da ya kamata a fi sa musu ido: wanda bai yi kuka da wuri ba da aka haife shi, wanda shawara ta kama shi sosai yana jariri, wanda ya yi sanƙarau ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har da jijjiga. Bakwaini kuma lissafinsa daban, in ya zo wata 2 kafin lokaci to sai a cire wata 2 daga watanninsa in ana auna shi, har zuwa shekara 2. Sai abu ɗaya da ba a jira a kansa ko kaɗan, yaron da ya iya abu sannan ya daina, da yana cewa mama yanzu ya yi shiru, da yana zama yanzu faɗuwa yake, wannan a kai shi asibiti cikin satin nan.

Taimakon wuri kuma ba lallai sai manyan na'urori ba. Wani gashin ƙashi ne zai yi masa, wani na'urar ji, wani koyon maganar hannu, wani kuma kawai a koya wa iyaye yadda za su riƙa hira da wasa da shi. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a shekarun 1980 ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa gidajen yaran da girmansu ya tsumbure duk sati tsawon shekara 2 suna nuna wa iyaye mata wasa da hira da yaro, bayan shekara 20 aka bi sawunsu aka tarar kuɗin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa hakan ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Maigida kai ma da kai ake, in ta ce ta ga wani abu dan Allah kar ka gwale ta, ita ke wuni da yaron. Ranar awo ko rigakafi ku je tare, kar a tsaya a sikeli kawai, ku faɗa wa nas ko likita a wane wata ya zauna, kalma nawa yake faɗa, yana waigowa in an kira shi ko a'a, in da hali ku ɗauki ɗan bidiyo a waya don yaro in ya ga baƙon wuri sai ya ƙi yin komai. In an ce ku dawo, ku tambaya wace rana kuma me za a duba, in ranar ta zo babu canji ku nemi a tura ku wajen likitan yara.