Darasi: Al'ummomi da Fasahohin Lardin Nova Scotia na Kanada

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na tarihi da al'adun duniya. Darasinmu na yau zai kai mu gabashin ƙasar Kanada, zuwa lardin Nova Scotia, wanda tekun Atlantika ya kusan kewaye shi gaba ɗaya, kuma babban birninsa shi ne Halifax, wanda Turawan Birtaniya suka kafa a shekarar 1749. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, yawancin fasahohin da ake alfahari da su a lardin a yau sun samo asali ne daga aikin hannun talakawa, waɗanda da yawansu yaƙi ko talauci ko kora ce ta kawo su bakin wannan teku.

Mutanen asali na wurin su ne Mi'kmaq, waɗanda suka zauna a yankin dubban shekaru kafin zuwan Turawa. An san matansu da yin ado da ƙayoyin beguwa, waɗanda suke rinawa launi-launi, sannan su soka su a jikin ɓawon itace, su fitar da zane a kan akwatuna da kujeru.

Faransawa sun kafa sansanin Port-Royal a 1605, kuma daga manoman da suka biyo baya ne aka sami al'ummar da ake kira Akadiyawa. A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin dabararsu ta noma abar lura ce. A mashigin tekun Fundy ruwa yana tasowa ya kuma janye sau biyu a kowace rana, kuma bambancin tsayinsa kan kai kusan mita 16, wanda babu irinsa a duniya. Maimakon su sare daji, sai Akadiyawa suka gina ganuwar ƙasa a fadamun bakin teku, suka binne magudanar katako a ƙarƙashinta, suka sanya mata marfi mai buɗewa ta gefe ɗaya kawai. Idan ruwan teku ya taso, sai ya danne marfin ya rufe, idan kuma ya janye, sai ruwan sama da ya taru a gona ya tura marfin ya fice. Bayan 'yan shekaru ruwan sama yakan wanke gishirin ƙasar, ta zama gona mai albarka. A 1755 hukumomin Birtaniya suka fara kwashe waɗannan mutane da ƙarfi, suka ƙone gidajensu, suka warwatsa su a jiragen ruwa, har wasunsu suka ƙare a Louisiana ta Amurka. Waɗanda suka dawo daga baya sun tarar da wasu a gonakinsu, sai suka koma kamun kifi a garuruwa irin su Chéticamp, inda matan garin suka shahara da saƙa dardumar ulu ta hanyar jawo zare da ƙugiya. Hukumar UNESCO ta sanya fadamar Grand-Pré, ɗaya daga cikin fadamun da Akadiyawa suka mayar gonaki, cikin wuraren tarihi na duniya a 2012.

Garin Lunenburg kuwa, Jamusawa da mutanen Suwizalan ne akasarin waɗanda aka zaunar a cikinsa a 1753, kuma jikokinsu suka zama gwanayen ƙera jiragen ruwa. Jirginsu mai suna Bluenose, wanda aka sa a ruwa a 1921, hotonsa ne a kan kwabon santi goma na Kanada.

Mutanen tsaunukan Sikotilan sun fara isowa da yawa bayan jirgin Hector ya sauke fasinjojinsa a Pictou a 1773, kuma suka cika tsibirin Cape Breton da harshensu na Gelik da kiɗan gogensu. Akwai wata al'adarsu da nake ganin ta fi kowace bayyana yadda aiki ke haifar da waƙa. Idan an gama saƙa mayafin ulu, sai a jiƙa shi, mutane su zauna kewaye da dogon tebur, suna buga shi a kan katako suna miƙa wa na kusa da su, domin zaren ya haɗe ya yi kauri. Mutum ɗaya ne ke ba da waƙa, sauran suna amshi, bugun mayafin kuma shi ne kiɗan, kamar dai yadda luguden mata a turmi yake tafiya da waƙarsa. Yanzu injina sun karɓe aikin, amma har yau ana taruwa a yi zaman saboda waƙoƙin, kuma Kwalejin Gelik da aka kafa a St. Ann's a 1938 tana koyar da harshen da kiɗan.

Sai kuma ɓangaren da ya haɗa lardin da Afirka ta Yamma kai tsaye. A 1783, bayan yaƙin neman 'yancin Amurka, an kawo baƙaƙen fata kimanin 3,000 waɗanda suka goyi bayan Birtaniya bisa alkawarin 'yanci da filin noma, kuma da yawansu suka zauna a Birchtown. Filayen da aka ba su ƙanana ne masu duwatsu, wasu ma ba su samu ko taku ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu, Thomas Peters, ya tafi har Landan ya kai kuka, kuma a 1792 mutane kusan 1,200 suka tashi daga Halifax a jiragen ruwa 15 zuwa Saliyo, inda suka kafa birnin Freetown. Waɗanda suka rage, tare da waɗanda suka zo daga baya, sun gina unguwanni irin su Africville a gefen Halifax, wadda hukumar birnin ta rushe a shekarun 1960, ba ta kuma nemi gafara a hukumance ba sai a 2010. An sake gina cocin unguwar a inda take a da, kuma yanzu gidan tarihi ne.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu bi sawun waɗancan jirage zuwa Freetown. Ku huta lafiya.