Wa Ya Fara Shigo Da Siyasa Filin Wasa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wata magana da na gaji da jin ta. Duk ranar da wani ɗan wasa ya durƙusa, ko ya ɗaga hannu, ko ya kame bakinsa ana rera taken ƙasa, tun kafin alƙalin wasa ya busa usur za ka ji an fara: "A raba wasa da siyasa." Masu sharhin wasanni a Amurka sun faɗe ta har ta tsufa a bakinsu, 'yan siyasarsu sun faɗa, mu ma nan a gidajen kallon ƙwallo akwai masu ɗauko ta suna maimaitawa kamar hadda. To tambayata gare su ɗaya ce: wa ya fara shigo da siyasar filin wasan?

Bari in tuna muku asalin rigimar a gurguje. Colin Kaepernick jagoran 'yan wasan ƙungiyar San Francisco 49ers ne, wato mai jefa musu ƙwallo, a ƙwallon nan ta Amurkawa mai kama da zari-ruga. Shi ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairun 2013. A watan Yulin 2016 'yan sanda suka harbe Alton Sterling a jihar Louisiana, washegari suka harbe Philando Castile a cikin motarsa a jihar Minnesota, dukansu baƙaƙen fata, kuma duniya ta ga bidiyon. A ranar 26 ga Agusta aka lura Kaepernick yana zaune a benci ana rera taken ƙasa. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ba zai miƙe ya yi alfahari da tutar ƙasar da ke zaluntar baƙar fata ba.

Ga abin da masu zaginsa ba sa son a tuna. Wani tsohon sojan kundumbala mai suna Nate Boyer ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa, ya ce zaman nan ya ɓata masa rai. Kaepernick bai zage shi ba, ya gayyace shi suka zauna a San Diego. Boyer ya ce masa, idan ba za ka tsaya ba, to ka durƙusa, domin haka sojoji ke yi a gaban kabarin ɗan'uwansu da ya kwanta dama. Ranar 1 ga Satumba Kaepernick ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, abokin wasansa Eric Reid a gefensa, shi kuma Boyer yana tsaye dab da su, hannunsa a ƙirji. Wato durƙuson da aka ce cin mutuncin sojoji ne, soja ne ya ba da shawararsa. Mu a ƙasar Hausa ma ba sai an yi mana dogon bayani ba, tun muna yara muka san wanda ya gaida babba a tsaye ƙerere shi ne marar tarbiyya, ba wanda ya durƙusa ba.

To mu koma kan tambayar. Ku masu kallon Firimiya, yaushe rabon da ku ji an rera taken Ingila kafin Arsenal ta kara da Chelsea a wasan ƙarshen mako? Ba a yi, in ba wani babban sha'ani ya faru ba, irin rasuwar Sarauniya a 2022. A Sifaniya ba a yi, a Jamus ba a yi. A Amurka kuwa kusan kowane wasa, na manya da na 'yan makaranta, sai an tashi an rera. Kuma ba daga sama al'adar ta faɗo ba, yaƙi ne ya haife ta. A 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buga taken a wasan ƙarshe na besbol a Chicago, jama'a suka ɗauka da shauƙi. A lokacin ma bai zama taken ƙasa a hukumance ba, sai a 1931. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, abin ya zama na kullum, kuma aka gama yaƙin ba a daina ba. Daga baya aka ƙara da tutar da ke rufe fili gaba ɗaya, da sojoji cikin kaki, da jiragen yaƙi da ke keta sararin filin wasa daidai lokacin da mawaƙi ya ja baitin ƙarshe. Don Allah, wannan mene ne sunansa? Wasa ne?

Ku saurari wannan da kyau. A 2015, shekara guda kafin Kaepernick ya zauna a benci, sanatoci biyu 'yan jam'iyyar Republican, John McCain da Jeff Flake, suka fitar da rahoto cewa ma'aikatar tsaron Amurka ta biya ƙungiyoyin wasanni dala miliyan 6.8 don a riƙa shirya irin waɗannan bukukuwa. A kira soja tsakiyar fili a tafa masa, kuɗi aka biya. A rantsar da sababbin kurata a gaban 'yan kallo, kuɗi aka biya. Talakan da ke zaune a kujera yana share hawaye ya ɗauka ƙaunar ƙasa ce ta motsa masu ƙungiya, ashe talla ce ta ɗaukar soja, da kuɗin harajinsa. Da asiri ya tonu, hukumar NFL, mai shirya gasar ƙwallon Amurkawan, ta mayar wa gwamnati sama da dala dubu 700. Duk tsawon lokacin nan ban ji wanda ya ce a raba wasa da siyasa ba. Sai da baƙin mutum ɗaya ya sa gwiwa a ƙasa, bai yi ihu ba, bai tsayar da wasa ko na daƙiƙa ɗaya ba, sannan aka tuna cewa filin wasa wuri ne mai tsarki.

Sai kuma 'yan siyasar da kansu. A ƙarshen 2016 abin ya fara lafawa, 'yan ƙalilan ne ke durƙusawa. Ranar 22 ga Satumban 2017 Shugaba Donald Trump ya hau dandamalin yaƙin neman zaɓe a Huntsville ta jihar Alabama, ya ɗura wa 'yan wasan ashar ɗin da ba zan iya maimaitawa a gidan rediyo ba, ya ce masu ƙungiyoyi su kore su. A ƙarshen makon 'yan wasa sama da 200 suka durƙusa ko suka zauna. Mako biyu bayan haka mataimakinsa Mike Pence ya je kallon wasa a Indianapolis, ana gama taken ya tashi ya fice wai an ɓata masa rai. Trump da kansa ya fito ya ce shi ya umarce shi ya fita idan aka durƙusa. Wato jirgin gwamnati, da jami'an tsaro, da ayarin motoci, duk don a je a yi fushin da aka shirya tun daga gida. Amma wai ɗan wasa ne ya shigo da siyasa. Haba jama'a!

Na san amsar da za a ba ni: ɗan wasa ma'aikaci ne, wurin aiki ba wurin zanga-zanga ba ne. A shari'ance akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tun 1943, ana tsakiyar yaƙi, cewa gwamnati ba ta da ikon tilasta wa ɗan makaranta sara wa tuta, amma wannan kariya ba ta ɗaure kamfani mai zaman kansa ba. Na yarda. Sai dai in haka ne, a faɗi gaskiya: mai gida ne yake son ma'aikacinsa ya tsaya a bikin siyasar da shi ya shirya. Kada a ce mana ba a son siyasa. Kuma ba ina cewa Kaepernick waliyyi ba ne. Safar da ya taɓa sawa a wurin atisaye mai zanen aladu da hular 'yan sanda wauta ce, ta ba maƙiyansa sandar dukansa. Amma masu cewa wasansa ne ya lalace shi ya sa aka ƙi ɗaukarsa, su duba kakar 2016: jifa 16 da suka zama maki, huɗu kacal abokan hamayya suka cafe. Ƙungiyoyi 32, kowace tana riƙe da masu jifa biyu ko uku, a ce babu gurbinsa ko a benci? Tun ranar 1 ga Janairun 2017 bai sake buga wasa a NFL ba. Ya kai ƙara cewa an haɗa baki a kansa, aka sasanta a asirce a watan Fabrairun 2019. Biri dai ya yi kama da mutum.

Shekara 20 kafin durƙuson Kaepernick, an yi wa wani Musulmi irinta. Mahmoud Abdul-Rauf na ƙungiyar ƙwallon kwando ta Denver Nuggets, wanda ya musulunta a 1991, ya shafe watanni ba ya tsayawa ana taken ƙasa, babu wanda ya damu, sai da 'yan jarida suka lura. A watan Maris na 1996 hukumar NBA, mai shirya gasar ƙwallon kwandon, ta dakatar da shi. Bayan wasa ɗaya aka daidaita: zai tsaya, amma zai yi addu'a. Ku hango shi a Chicago a wasan da ya biyo baya, yana tsaye cikin sahun abokansa, ido a rufe, tafin hannu biyu a gaban fuskarsa kamar yadda kowannenmu ke yi bayan sallama, dubban mutane suna yi masa ihu. Ba duk Musulmi ne suka goyi bayansa ba. Ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon ya fito ya ce bai yarda da fahimtarsa ba, yana ganin Musulunci ya koyar da girmama dokar ƙasar da kake zaune. Wannan saɓani ne na masu hankali, kuma ni kaina ban ce Olajuwon ya yi kuskure ba. Abin da ba na masu hankali ba shi ne na wasu ma'aikatan wani gidan rediyo a Denver, abokan sana'armu, abin kunya, da suka kutsa masallaci suna busa taken ƙasa da ƙaho. Su ne masu koya wa wani ladabi. A wannan shekarar aka sayar da Abdul-Rauf ga Sacramento, tauraronsa ya dushe, a 2001 kuma gidansa da ke jihar Mississippi ya ƙone.

A koma baya kuma, 16 ga Oktoban 1968, gasar Olamfik a birnin Mekziko. Tommie Smith ya ci zinare a tseren mita 200, John Carlos ya ci tagulla. Suka hau dandamali ba takalmi, sai baƙar safa, alamar talauci. Safar hannu ƙafa ɗaya gare su, suka raba, Smith ya sa ta dama, Carlos ta hagu. Ana fara taken suka sunkuyar da kai, suka ɗaga dunƙulallen hannu. Aka kore su daga gasar. Wa ya matsa a kore su? Avery Brundage, shugaban kwamitin Olamfik na duniya. Shi ne mutumin da ya tsaya kai da fata sai Amurka ta halarci gasar Hitler a Barlin a 1936, inda aka yi ta miƙa hannu irin gaisuwar 'yan Nazi a kan dandamalin karɓar lambobi. Wancan hannun bai dame shi ba. Na Smith da Carlos ne siyasa. Yau ga mutum-mutuminsu a jami'ar San Jose tun 2005, kuma a 2019 kwamitin Olamfik na Amurka, wanda ya kora su gida, ya saka su cikin jerin gwarazansa.

Wanda har yanzu yake tantama, ya tuna gasar cin kofin duniya ta Katar. Ranar 21 ga Nuwamban 2022, 'yan wasan Iran suka jeru kafin karawa da Ingila, aka sa taken ƙasarsu, suka yi gum, saboda zanga-zangar da ta biyo bayan mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan Hisbar ƙasar. Kafofin yaɗa labaran Yamma suka yi ta jinjina musu, jarumai, masu ƙarfin hali. Ni ma na ce jarumai ne, don sun san abin da ke iya jiran su a gida. Amma ina masu cewa a raba wasa da siyasa suka shiga a ranar? Ko taken Iran ba taken ƙasa ba ne? Idan shirun ɗan Iran jarumtaka ne, ta yaya durƙuson baƙin Ba'amurke ya zama cin amana? Ashe ba siyasa ake ƙi ba, siyasar da ta taɓa ka ce ba ka so.

Ko durƙuson ya canza wani abu? Nan kam ba ni da tabbas. 'Yan sandan Amurka ba su daina kashe mutane ba. Kamfanin Nike ya sa fuskar Kaepernick a talla a 2018 ya kwashi ribarsa, kuma da durƙuson ya zama al'adar kowane wasa a Firimiya, har wasu baƙaƙen 'yan wasa irin su Wilfried Zaha suka ce ya zama holoƙo suka daina. Ina jin su. Amma abin da mutumin ya durƙusa dominsa, ƙarya ya yi? Ranar 25 ga Mayun 2020, a Minneapolis, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa fiye da minti tara, a gaban jama'a, ana ɗauka da waya, har rai ya yi halinsa. Ranar 5 ga Yuni shugaban NFL Roger Goodell, wanda hukumarsa ta kafa doka a 2018 cewa ko ka tsaya ko ka zauna a ɗakin sauya kaya, ya fito a bidiyo ya ce sun yi kuskure da ba su saurari 'yan wasansu tun farko ba. A cikin bidiyon bai ambaci sunan Kaepernick ba, kuma a cikin ƙungiyoyin nan 32 babu wadda ta ba shi kwantiragi.