Jirgin da ke ɗaga ƙanƙara da doronsa: hirar wannan mako daga Garwa

Yaya: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa, daga nan Garwa muke kamar kullum, ni da Kawu da Auta. Mutanenmu na Marwa da Kuseri da Njamena muna gaishe ku. Kawu ina wuni, ya zafi?

Kawu: Lafiya lau 'yata, zafi kam lokacinsa ne.

Yaya: To yau Auta ne ya zo mana da magana, tun shekaranjiya ya hana kowa sakat a gida. Ƙanena bismilla.

Auta: Wallahi Yaya wani bidiyo ne aka turo min a WhatsApp, fili ne fari fat ba komai sai ƙanƙara, kawai sai ka ga ta fara tsagewa tana ɗagowa, wani baƙin abu ya ɓullo, can gefe na biyu, sai na uku. Wai jiragen yaƙi ne na ƙarƙashin teku. Kawu da gaske ne ko haɗi ne?

Kawu: Da gaske ne ɗana. Na Rasha ne, a watan Maris na 2021 suka yi wannan atisayen a tekun Aktik, jirage uku a lokaci ɗaya, ƙanƙarar ta kai wajen mita ɗaya da rabi. Amma ka fara riƙe wannan tukuna, can ƙuryar arewacin duniya babu ƙasa. Teku ne mai zurfin mita 4,000 ko kusa da haka, ƙanƙara ce kawai take yawo a samansa. Duk wanda ka ga yana tsaye a wurin, a kan ruwa yake tsaye.

Auta: To ai nan ne kaina ya ɗaure. Inji yana buƙatar iska, ko moto ka toshe mata iska mutuwa take. Su ya suke yi a ƙasan rufin da ba ƙofa?

Kawu: Ka taɓo asalin maganar. Jiragen da, na gazuwal ne da batir. A ƙarƙashin ruwa da batir suke tafiya, in cajinsa ya yi ƙasa dole su taso su miƙa bututu sama su sha iska su kunna inji. Shi ya sa ba su iya nisa a ƙasan ƙanƙara ba. Wani ɗan Ostireliya, Hubert Wilkins, ya gwada a 1931 da tsohon jirgi, bai kai ko'ina ba ya dawo. Nukiliya ce ta canza lissafin, don ita ba ta ƙona komai. Ƙwayoyin wani ma'adini mai suna yuraniyam ne suke tsagewa a cikin wata tukunyar ƙarfe mai kauri, tsagewar ce take ba da zafi, babu harshen wuta babu hayaƙi, don haka ba ruwanta da iska.

Yaya: Kawu ku tsaya, zafin sai ya yi me?

Kawu: Ruwa ne yake zagayawa cikin tukunyar, an matse shi sosai ta yadda ko ya wuce digiri 100 nesa ba kusa ba ba zai tafasa ba. Wannan ruwan ba ya fita daga bututunsa, sai dai ya bi ta jikin wani ruwan daban ya dafa shi, na biyun ne yake zama tururi, tururin ya juya inji, injin ya juya farfela ya kuma ba da kuran. An raba su biyu ne don kada gubar nukiliyar ta isa inda mutane suke aiki. Kuma wasu jiragen Amurka na yanzu, man da aka zuba musu tun a masana'anta shi zai kai su shekara 30 da wani abu.

Auta: Shekara 30 ba shan mai!

Kawu: Ba shan mai. In kana da kuran mai yawa haka sauran duk sauƙi ne. Su tace ruwan gishiri ya zama na sha, su saka wa ruwan kuran ya rabu biyu su ɗebi oksijin su watsar da ɗayan, iskar da mutane suke fitarwa kuma akwai na'urar da take tsotse ta. Abinci ne kawai ba su iya ƙerawa, shi ne yake dawo da su gida, wajen wata 3.

Yaya: Ni dai a matsayina na mai aikin asibiti mutanen nake tunani. Mutum fiye da 100 a cikin bututun ƙarfe, ba rana ba taga, wata da watanni. Jiki yana son hasken rana, barci ma da shi yake daidaita.

Kawu: Gaskiyarki, shi ya sa ba kowane soja ake ɗauka ba, sai an tantance. Na farkon da suka yi wannan tafiya mutanen Nautilus ne, jirgin nukiliya na farko a duniya, na Amurka, wanda Admiral Rickover ya tsaya kai da fata sai da aka ƙera. Sun nitse ta wajen Alaska, ranar 3 ga Agusta 1958 suka ratsa ta ƙarƙashin tsakiyar ƙuryar arewa, suka fito ta wajen Girinland. Amma su wucewa kawai suka yi. Wanda ya fara fasa ƙanƙara ya fito a daidai wurin shi ne Skate, shi ma na Amurka, ranar 17 ga Maris 1959, a ƙarshen lokacin sanyi, kuma sun tafi da tokar gawar Wilkins ɗin nan suka watsa a can, tunda burinsa ke nan bai samu ba. Tarayyar Sobiyet ta kai nata a 1962.

Auta: To yanzu fitowar. Ni a tunanina gudu suke kwasowa daga ƙasa su doke ta da ƙarfi.

Kawu: A'a ɗana, wanda ya yi haka ya kashe mutanensa. Bari mu fara da yadda yake nitsewa da tasowa. Ka ɗauki bidon ka je kogin Binuwai, in babu komai ciki ka danna shi ƙasa zai taso, in ka cika shi da ruwa da ɗan yashi ya tafi ƙasa, in ka daidaita sai ya tsaya a tsakiya ba sama ba ƙasa. Jirgin yana da manyan tankuna, su buɗe ruwa ya shiga ya nitse, su hura iska mai matsi ta kori ruwan ya taso. To a ƙasan ƙanƙara wannan tsayuwar ta tsakiya ita ce komai. Kafin nan sai sun nemi wuri, kuma neman zai iya cin awoyi, domin ƙasan ƙanƙara ba shimfiɗaɗɗe ba ne, inda manyan falle biyu suka yi karo sai su cusa junansu ƙasa, ka samu tsauni a kife ya sauka mita 30 ko fiye, in ka buga shi da hasumiyar jirgi an gama. Ido ba ya aiki sosai, musamman lokacin sanyi da rana ba ta fitowa wata da watanni, sai kunne. Suna da na'urar sona da take kallon sama, ta aika sauti ya bugi ƙanƙara ya dawo, daga nan su lissafa kaurinta. Abin da suke nema shi ne inda ta tsage ruwa ya buɗe, ko inda ya sake daskarewa kwanan nan bai yi kauri ba.

Yaya: In sun samu fa?

Kawu: Su tsayar da jirgin cak a ƙasan wurin. Kuma ki sani ƙanƙarar tafiya take, iska da igiyar ruwa suna janta, sai an lissafa da wannan. Su janye madubin leƙe da eriya duk su shige ciki, fukafukan gefe wasu jiragen su miƙar da su tsaye wasu su shigar da su jiki. Sannan su fara rage ruwa kaɗan kaɗan, jirgin yana ɗagowa a hankali har saman hasumiyar, wanda aka ƙarfafa da ƙarfe na musamman, ya taɓa ƙanƙarar ya jingina. Sai a ƙara iska a tankuna. Jirgi mai tan 7,000 yana son tasowa, duk ƙarfin ya taru a ɗan wuri ɗaya, ƙanƙarar ta lanƙwasa ta fashe. Kuma suna ɗan sauke bayan jirgin ƙasa don farfela da sitiyari kada su taɓu, in farfela ta karye a can babu mai zuwa janka. Wallahi ni wannan ne yake burge ni fiye da tukunyar nukiliyar, ƙarfi iya ƙarfi amma aikin na haƙuri ne.

Auta: Sai su buɗe ƙofa su fito.

Kawu: Ina! Gutsattsarin ƙanƙara manya suna kwance a kan murfin, sai waɗanda suka fita ta hasumiya sun sa zarton inji da diga sun share. A ajiye mutum da bindiga saboda farin beyar ɗin can.

Yaya: Ni Kawu abin da ya tsaya min a rai, in wuta ta tashi ko ruwa ya fara shiga alhali suna ƙasan mai kauri fa?

Kawu: Shi ne babban tsoron. A buɗaɗɗen teku ka hura tankuna ka taso da gaggawa, a can babu wannan. Don haka duk inda suka wuce suna rubuta wuraren da ta yi siriri, in abu ya faru su juya su koma na kusa. Kuma sanyi kansa maƙiyi ne ko babu ƙanƙara a sama. Thresher na Amurka ya nitse a 1963 da mutum 129, binciken da aka yi ya nuna laima ta daskare a hanyar iskar da za ta hura tankunan ta toshe ta. Bayan nan suka sake tsarin duba jiragensu gaba ɗaya.

Yaya: Allah Sarki. Kursk na Rasha ma na tuna, ya nitse a 2000 da mutum 118. Kuma duk wannan wahalar ba don noma ko magani ba, don ɓoye makamai. Ni abin ba ya min daɗi gaskiya.

Kawu: Ba ki yi ƙarya ba 'yata, dalilin ke nan. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin ƙasan ƙanƙara, jirgin sama ba ya iya jefa na'urar saurare, ƙanƙarar kuma kullum cikin ƙara take tana gugar juna tana rufe motsin jirgin, ga shi ta nan ne hanya mafi kusa tsakanin Rasha da Amurka. Ƙasashe 6 ne suke da irin waɗannan jiragen na nukiliya, Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, Sin da Indiya. Abu ɗaya mai amfani da ya fito, awon kaurin ƙanƙarar da suka tara tun 1958 daga baya an ba masana, da shi aka gane ta yi siriri sosai a kan da.

Auta: Tambaya ta ƙarshe Kawu, GPS yana aiki a can ƙasa?

Kawu: Ba ya ratsa ruwa. Kamfas ma kusa da ƙuryar arewa rikicewa yake. Akwai na'ura a cikin jirgin da take ƙirga duk motsi da duk juyi tun daga inda aka tashi, da ita suke sanin inda suke, sai dai kuskurenta yana taruwa a hankali, in sun fasa sun fito sai su gyara ta da tauraron ɗan'adam, su karɓi saƙonni, su koma. Komawar ma a tsaye ake yinta, a bar ruwa ya shiga tankuna jirgin ya sauka ta ramin da ya fito, sai ya yi nisa da tsaunukan nan sannan a juya farfela.

Yaya: To jama'a lokaci ya cinye mu. Mai tambaya ya turo saƙon murya, Kawu zai amsa mako mai zuwa in sha Allah. Kawu mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Kawu: Amin 'yata, a gaida mutan gida.