Kafin ka shiga gidan yari da tambayoyinka

Assalamu alaikum jama'a. Yau da masu rubuta furojek zamu yi, musamman wanda ya zaɓi binciken karatun fursunoni, irin masu karatu a cibiyoyin jami'ar karatu daga gida ta NOUN da ke gidajen yarin Kuje ko Kirikiri, kuma hira zai yi da su baki da baki ba raba takarda ba.

Farko dai wajen tantance tambayoyinka ka ajiye Cronbach alpha, wato ma'aunin lissafi na daidaiton tambayoyi, gefe, wancan na takardar da ake cikewa a lissafa ne, hira ba haka ake tantance ta ba. Kuma sa hannun sufabaiza shi kaɗai bai wadatar ba.

Ka jera tambayoyinka kowace kusa da manufar binciken da take amsawa, wadda ba ta da gurbi ka cire ta ko da ta burge ka. Sai ka kaiwa mutum biyu ko uku, ɗaya masanin bincike, ɗaya kuma wanda ya taɓa koyarwa a gidan yari, don shi ne zai ce maka malam wannan ba a tambayarta haka.

Misali ka rubuta "yaya karatun nan ya gyara maka hali?" To ai ka riga ka amsa masa, mutum yana tsare ga ganduroba tsaye a bakin ƙofa me kake so ya ce in ba alhamdulillahi ba? Gara ka ce "bani labarin ranar da ka fara shiga aji a nan", kayi shiru ka barshi ya zuba. Sannan ka kiyayi "laifin da ka aikata", domin mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke, kotu bata ma yanke musu hukunci ba.

Sai fassara. In da Turanci ka rubuta, wani ya mayar Hausa, wani daban da bai ga ta asali ba ya sake mayarwa Turanci, ku gwada ku ga inda ma'ana ta zame. Ko sunan wurin ma abin lura ne, tun 2019 doka ta mayar da shi gidan gyaran hali amma a bakin mutane gidan yari ne har yau.

Gwajin tambayoyin kuwa kayi shi da wanda aka sako daga gidan yari, mutum biyu ko uku, bayan kowace tambaya ka ce me ka fahimta da ita? Kayi da biro da takarda don ba lallai a barka ka shiga da waya ba. Ka gwada har jawabin neman yarda, ya fito fili cewa hirar nan ba zata rage masa wa'adi ba kuma in ya ƙi babu abin da zai same shi.

Duk tambayar da ka canza ka rubuta tsohuwar da sabuwar da dalili, su zaka saka a babi na uku na furojek ɗinka.